Maganar Jingina a Makarantunmu: Lokaci Ya Yi Da Za Mu Fito Da Ita Fili

'Yan uwa ɗalibai, musamman mu 'yan Arewa da karatu ya kawo mu nan Kudu.

Akwai wata kasuwa da ke ci a kusan kowace jami'a a ƙasar nan, ba ta da rumfa, ba ta da allon talla, amma kowa ya san hanyarta. Kasuwar jingina nake nufi. Tana cika ne idan an kusa rufe fotal ɗin rajista, ko mai gida ya ba da wa'adin kuɗin haya, ko sufabaiza ya ce a je a tattaro bayanai a fili alhali aljihu babu ko sisi. A lokacin ne za ka ga laftof ta ɓace daga kan teburin mutum, ka tambaye shi ya ce maka tana wajen gyara. 'Yar uwa kuma ka ga 'yan kunnen da ta saba sawa babu su, ta ce ta ajiye ne kawai. Dukkanmu mun gane, sai dai mu kawar da kai saboda kara.

Ra'ayina shi ne wannan kawar da kan da muke yi yana cutar da mu. Jingina halal ce, tana da babi guda a littattafan fiƙihun da muka karanta tun muna zaure. Ɓoye ta da muke yi ne ya ba azzalumai damar gindaya sharuɗɗan da suka ga dama. Don haka nake ganin ya kamata ƙungiyoyinmu na ɗalibai da masallatan jami'o'i su kafa tsarin jingina na Musulunci, a rubuce, a fili, kowa ya san hakkinsa.

Bari mu fara duba yadda abin ke gudana yanzu. A ce ɗalibi yana da laftof da za ta yi naira dubu 250 a kasuwa. Ya kai ta wurin wani mai shago a bakin get, aka ba shi dubu 50, da sharaɗin bayan wata ɗaya ya kawo dubu 60. Wannan ƙarin dubu 10 ɗin kashi 20 cikin ɗari ne a wata, wato kashi 240 cikin ɗari ke nan idan aka lissafa shekara. Cikin watan nan mai shago yana iya amfani da laftof ɗin, ko ma ya ba wani haya. Idan wa'adi ya cika ba a kawo kuɗi ba, shi ke nan, kaya sun zama nasa. Ɗalibi ya yi asarar abin dubu 250 a kan bashin dubu 50. Babu takarda, babu shaida, kuma ba zai iya kai ƙara ko'ina ba domin tun farko ba ya son kowa ya sani. Na ga irin wannan ya faru da wanda muka zauna ɗaki ɗaya, kuma babi uku na furojet ɗinsa suna cikin na'urar.

Wanda ya guje wa mai shago kuma, sai ya faɗa hannun manhajojin bashi na waya. Kun san su. Minti biyar kuɗi ya shigo, amma ranar da ka makara, saƙon cin mutunci zai isa wayar kawunka da ta limamin unguwarku da ta surukarka, ana ce musu kai ɓarawo ne. Abin ya yi muni har sai da hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, wato FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu daga cikinsu a Legas a 2022, ta kuma fito da ƙa'idar yi musu rajista. A 2023 kamfanin Google shi ma ya hana irin waɗannan manhajoji leƙa lambobin waya da hotunan mutane a wasu ƙasashe, har da Najeriya. An samu sauƙi, amma ruwan da suke ɗorawa yana nan. Ga Musulmi kuwa, ko da babu cin mutunci, riba riba ce.

Wani zai ce, to ba ga bankunan Musulunci nan ba? Gaskiya ne, alhamdu lillahi. Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ ya biyo baya a 2019, Lotus a 2021, kuma suna da rassa a nan Kudu. Amma mu yi wa juna adalci: banki yana neman takardar albashi ko shaidar kasuwanci da mai tsaya maka, kuma yawancin abin da bankin Musulunci ke yi saye da sayarwa ne, ya saya maka kaya ya sayar maka da riba sananniya. Ɗalibin da ke neman dubu 40 kafin ranar Juma'a ba shi ne abokin cinikin da aka tsara wa waɗannan ba. Shi kuma bashin karatu na NELFUND da aka buɗe a watan Mayun 2024, abu ne mai kyau, babu ruwa a cikinsa, ƙannenmu masu digirin farko suna amfana. Mu 'yan digiri na biyu dai muna kallo daga nesa, ga shi da yawanmu da iyali, wasu sun ajiye aiki suka taho.

A nan ne nake da ja da yadda ake maganar shigar da jama'a cikin harkar kuɗi. Binciken da ƙungiyar EFInA ta yi a 2023 ya nuna kashi 26 cikin ɗari na manyan mutane a Najeriya ba sa amfani da kowace irin hanyar hada-hadar kuɗi, kuma a Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 47. Adadi ne mai tayar da hankali. Sai dai kowane ɗalibi a ajinmu yana da akawun, wasu biyu wasu uku, da lambar BVN da katin cirar kuɗi. A lissafin hukuma duk mun shiga. Amma ranar da gobara ta tashi a aljihu, wannan akawun bai iya ba ka rancen dubu 20 ta hanyar da zuciyarka za ta natsu da ita. Akawun da sai an turo maka kuɗi yake da amfani, ai akwatin ajiya ne kawai. Shigar da ta amsa sunanta ita ce mutum ya samu inda zai juya abin da ya mallaka ya zama kuɗi na ɗan lokaci, ba tare da ya rasa abin ba, ba tare da ya saɓa wa Ubangijinsa ba.

To me Musulunci ya ce? Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, aya ta 283 kuma ta kawo maganar jinginar da ake karɓa a hannu idan ana halin tafiya ba a samu marubuci ba. Malamai sun ce ta halatta ko ana zaune a gida, hujjarsu kuwa aikin Manzon Allah (SAW) ne da kansa. Ya tabbata a Bukhari cewa ya sayi abinci bashi a wurin wani Bayahude a Madina, ya jinginar masa da sulkensa na ƙarfe, kuma ya bar duniya sulken yana jingine a kan sa'i 30 na sha'ir. Don Allah ku tsaya ku yi tunani a kan wannan. Fiyayyen halitta ya yi jingina, kuma da wanda ba Musulmi ba. Daga ina mu muka samo kunyar?

Fiƙihun Malikiyya da muka tashi a kansa ya yi bayanin sharuɗɗan dalla-dalla. Wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san jingina ba ta cika sai an karɓi kayan a hannu. Ya san kuma an bambanta kayan da ake iya ɓoyewa, kamar kayan ado da tufafi, da waɗanda ba a iya ɓoyewa, kamar gida da dabba. Irin na farko idan suka salwanta a hannun mai riƙo, shi zai biya sai in ya kawo shaidar cewa ba sakacinsa ba ne. A Muwaɗɗa kuma Imamu Malik ya kawo hadisin da ya hana kayan jingina su zama mallakar mai ba da bashi don kawai wa'adi ya wuce, ya kuma bayyana cewa ko an sa wannan sharaɗin tun farko, ɓatacce ne. Abin da ake yi shi ne a sayar da kayan a farashin kasuwa, mai bashi ya ɗauki daidai kuɗinsa, ragowar a mayar wa mai kaya. Sannan ƙa'idar da kowa ya sani: rancen da ya jawo wa mai bayarwa amfani, riba ne. Shi ya sa malamanmu a gida suka daɗe suna faɗa a kan jinginar gona irin wadda mai kuɗi zai yi ta noma gonar talaka shekara da shekaru yana kwashe amfanin, bashin kuma yana nan bai ragu ba.

Ku auna wannan da abin da mai shagon bakin get yake yi. Ƙari a kan bashi, amfani da kayan, cinye kayan idan an makara. Duk abin da shari'a ta toshe, shi ya buɗe.

Wasu ƙasashen Musulmi sun ɗauki wannan babi na fiƙihu sun mayar da shi hukuma mai ofis da ma'aikata. A Malesiya ana kiran tsarin Ar-Rahnu. Jihar Terengganu ce ta fara buɗe gidan jingina na Musulunci a 1992, Kelantan ta biyo ta a shekarar, sannan a 1993 Bank Rakyat ya shiga, abin ya bazu ƙasar baki ɗaya. Yadda suke yi ba wuya: ka kawo zinari, a gwada shi a auna a gabanka, a ba ka wani kaso na darajarsa, galibi tsakanin kashi 60 zuwa 80 cikin ɗari, wa'adi wata shida kuma ana iya ƙarawa. Idan ka kasa biya a yi gwanjonsa a ba ka canjinka. Mata masu ƙananan sana'o'i suna cikin waɗanda suka fi amfana, domin zinarin aurensu ya zama musu jari ba tare da sun rabu da shi ba. A Indonesiya kuma kamfanin jingina na gwamnati, Pegadaian, wanda ya samo asali tun 1901, ya buɗe sashen shari'a a 2003, bayan majalisar fatawa ta ƙasar ta fitar da hukunci a 2002 cewa kuɗin ajiya da kula da kaya bai halatta a ɗaura shi da yawan bashin da aka karɓa ba.

Wannan batu na kuɗin ajiya shi ne wurin da ƙafa ke zamewa, kuma ba zan ɓoye shi ba don ina tallata ra'ayina. Shekaru da dama gidajen Ar-Rahnu suna ba da rance babu ruwa, amma suna karɓar kuɗin ajiya gwargwadon darajar zinarin, kuma daga nan ribarsu take fitowa. A 2019 majalisar malamai ta Babban Bankin Malesiya ta sake duba tsarin, ta yanke cewa haɗa rance da jingina da ajiya da lada ta wannan siga don neman riba bai cika sharuɗɗan shari'a ba. Bankunan suka koma wani tsari da ake kira tawarruƙ, wanda shi ma akwai manyan malamai da ba su gamsu da shi ba. Darasin da na ɗauka a nan shi ne, duk ranar da aka mayar da rance hanyar cin riba, ko da wane suna na Larabci aka kira shi, sai an dawo inda aka gudo. Saboda haka abin da nake kira a kafa a makarantunmu kada ya zama kasuwanci. Ya zama taimako. Kuɗin ajiya ya tsaya a kan ainihin abin da aka kashe: akwatin ƙarfe, takardu, ɗan alawus na mai kula. A raba shi daidai gwargwadon girman kaya da tsawon kwanaki, a liƙa lissafin a allon masallaci kowa ya gani.

Na san abin da wasu za su rubuto a ƙasa: Malam, wane ɗalibi ne yake da zinari? Tambaya ce mai kyau. Amsa ta farko, sun fi yadda kuke zato. 'Yan uwanmu mata da yawa a digiri na biyu matan aure ne, kuma akwai ɗan abin da aka sa musu a lefe ko iyaye suka saya musu. A yanzu idan matsi ya zo, sayarwa suke yi wa 'yan gwal a Sabo ko Yaba, a farashin mai gaggawa. Ku tuna dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati a watan Mayun 2023, kafin shekara ta zagayo ta haura 1,500. Wadda ta sayar da sarƙarta kafin wannan tashin, yaushe za ta iya mayar da irinta? Da jingina ta yi, da sarƙar tana nan, darajarta kuma ta ninka. Amsa ta biyu, jami'a ba ɗalibai kaɗai ba ce. Akwai masu shara, masu gadi, masu abinci, mai shayi, mai gyaran takalmi, 'yan uwanmu masu acaɓa da ke bakin get. Da yawansu ba su da takardar da banki ke nema, amma suna da keken ɗinki ko janareta ko wani abu mai daraja.

Maganar laftof da waya kuma, a nan ina da tsauri. Na'ura ba kamar zinari ba ce, kullum darajarta sauka take yi, tana iya lalacewa a ajiye, kuma akwai sirrin mutum a ciki. Idan za a karɓa, a ba da kaso kaɗan, wa'adi gajere, a gwada ta a gaban shaidu, a rufe ta a ambulan a sa hannu. Amma ɗalibin da ke tsakiyar rubuta kundinsa, ni ban yarda a karɓi laftof ɗinsa ba sam. Karɓe wa manomi fartanya da damina a ce ya biya da kaka, wane irin taimako ne wannan? Irin wannan ɗalibi a ba shi rance da lamunin mutum biyu sanannu, shi ma babi ne a fiƙihu. Jingina ƙofa ɗaya ce a cikin ƙofofi.

Akwai masu tsoron kada wurin ya zama matattarar kayan sata. Tsoronsu yana kan hanya, maganinsa kuma sananne ne: katin shaidar makaranta, rasit ko shaidar wanda ya san kayan naka ne, da rubuta lambar na'ura a littafi. Ɓarawo ba ya son inda ake rubutu. Akwai kuma batun tsaro, domin ba hikima ba ce a tara zinarin mutane a ofishin masallaci da kwaɗo ɗaya. Wannan sai an haɗa kai da wani banki ko ƙungiyar gama-kai ta ma'aikata mai rajista, su riƙe kayan, kuma a nemi shawarar lauya a kan abin da dokar jiha ta ce game da ba da rance da karɓar jingina kafin a karɓi ko zobe ɗaya. Muna da malamai a tsangayar shari'a da sashen tattalin arziki da na nazarin Musulunci, me ya hana mu ƙwanƙwasa musu ƙofa?

Ina kuɗin zai fito? Daga inda kuɗin walimar yaye ɗalibai da rigunan makon al'adu suke fitowa. Muna iya tara miliyoyi don taron kwana ɗaya da hayar kujeru da ɗaukar hoto, amma asusun rance na dindindin ya gagare mu. A ce tsofaffin ɗalibai 100 kowa ya ba da dubu 20 a matsayin waƙafi, naira miliyan 2 ke nan. Idan ana ba da dubu 50 na wata uku, mutum 40 za su samu a zagaye ɗaya, a shekara mutum 160, kuma uwar kuɗin tana nan domin akwai kaya a hannu. Amfanin jingina ke nan a kan rancen baka: asusun ba ya mutuwa. Duk wanda ya taɓa riƙe asusun taimako na ƙungiya ya san yadda “zan kawo wata mai zuwa” take cinye shi cikin zango biyu.

Kuma mu koya daga masu masaukinmu. Yarbawa sun yi nisa a harkar esusu da ajo, kamar yadda muke da adashi, kuma Musulminsu sun kafa ƙungiyoyin gama-kai marasa ruwa da suka daɗe suna aiki, irin su Al-Hayat da ta faro daga Ijebu-Ode. MSSN kanta a Legas aka kafa ta a 1954. Ba sai mun ware kanmu a matsayin 'yan Arewa ba. Mu shiga a yi tare, mu kawo abin da muka sani na fiƙihu, su kawo gogewarsu ta tafiyar da ƙungiya. Ƙofar kuma a bar ta a buɗe ga abokan karatunmu Kirista. Yunwa da wa'adin rajista ba sa tambayar addini, kuma wanda aka yi wa adalci a lokacin ƙunci ba ya mantawa.

Kada a ce na yi alkawarin abin da ba zai yiwu ba. Jingina ba ta maganin talauci. Wanda ba shi da komai ba shi da abin jinginarwa, shi hakkinsa yana cikin zakka da sadaka. Wanda kuɗin shigarsa bai kai na fitarsa ba kowane wata, rance ƙara masa nauyi zai yi. Hauhawar farashi ma za ta riƙa cin asusun a hankali tunda ba a karɓar ƙari, don haka dole a riƙa yi masa ciko duk shekara. Abin da jingina ke magancewa shi ne giɓin lokaci: kuɗinka na zuwa ƙarshen wata, buƙatarka ta zo yau. Amma ku duba ɗalibai nawa wannan ɗan giɓin ya sa suka rasa zango guda, ko suka rasa kayan da suka yi shekara suna tara kuɗinsa, ko suka shiga riba suna kuka. Walwalar mutum ba a yawan abin da ya tara kaɗai take ba, har da sanin cewa idan ya yi tuntuɓe akwai inda zai dafa.

Ina roƙon shugabannin MSSN na rassanmu, da na ƙungiyoyin ɗaliban jihohi, da kwamitocin masallatai, su sa wannan magana a ajandar zamansu na gaba. A fara da kaɗan, mutum goma ma ya isa gwaji, a rubuta komai, bayan zango ɗaya a fito a faɗa wa jama'a abin da aka gani. Masu ilimin fiƙihu a cikinmu su gyara min inda suke ganin da gyara, masu karatun lissafin kuɗi su duba alƙalumana. Wanda kuma ya san wata makaranta da ta riga ta fara irin wannan, don Allah ya faɗa mana yadda suka yi.

Allah Ya yaye mana ƙunci, Ya tsare mu daga riba, Ya sa mu gama karatun nan lafiya mu koma gida da mutuncinmu. Amin.